Safar Gwiwar Da Na Saya Wa Yayanku

Safiya, Nura, wannan takardar taku ce ku biyu. Ranar sadakar uku ta babanku, kuna falo kuna tattara tabarmi, kun ɗauka ina ɗaki ina lazimi, na ji abin da kuka faɗa. Kun ce yayanku ba shi da tausayi, shekara goma sha ɗaya yana gaida mahaifinsa kamar baƙo, ga shi har an binne shi bai sauko ba. Ban fito ba, kun dai san ni da nauyin baki. Har yau kuma ina ganin abin a idonku duk lokacin da ya zo gida. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, to ku yi haƙuri da shi, ku karanta a hankali. Ba na son in bar duniya kuna riƙe da shi a kan laifin da nawa ne.

Sai na fara da abin da ba ku tashi kun gani ba. A garinmu, can ƙasar Rano, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi, ko zazzaɓi yake ba ta nuna hankalinta ya tashi. Haka Inna ta yi wa babban wanmu, haka ita ma ta tarar. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce. Amma a gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan baffanni. Su ne za su saɓa yaron a baya, su yi masa kirari, kakarsa ta ce ga mijinta ya dawo, a ajiye masa ƙanzon tuwo. Abin da uwa ta hana, su suke biyan sa har da ƙari. Da babanku ya gama karatu ya sami aikin injiniya ya aiko mana mu taho, yayanku yana ɗan shekara huɗu, sai na naɗe karar nan na sa a akwati na kawo ta garin Manassas, nan Amurka. Kakar ce ban ɗauko ba. Ku aka haifa a nan, na goya ku, na kira sunanku tun daga bene har wurin ajiye motoci. Shi kuwa "kai" ne, ko "wannan yaron". Wata rana yana aji huɗu ya tsaya a bakin kicin da jakarsa a baya.

"Umma, kin san sunana kuwa?"

Dariya na yi, na ja mayafi na rufe fuska, na ce ya je ya wanke hannu. Na ɗauka tsokana ce irin ta yara.

Shekarar da ya cika sha shida ita ce shekarar keke. Bayan gidajenmu akwai ɗan daji, yaran unguwa suka tara jar ƙasa suka yi tudu-tudu kamar suri, wani gaba da wani. Sai mutum ya taho a guje a kan keke ya hau wannan tudun, ya tashi sama, ya sauka a kan na gaba. Ranakun Asabar kuma a ɗebe su a mota zuwa duwatsun da ke yamma, su yini suna bin siraran hanyoyi tsakanin itatuwa. Babanku ya ce wasan ganganci ne, ya yi faɗa ya gaji, ƙarshe ya sayo masa hular kwano ya ce Allah ya tsare. Ni kuwa ba hurumina ba ne. Amma ni nake wanki. Ni nake ganin gwiwar wandonsa a yage, jini ya bushe a jiki. Sai na riƙa fita zubar da shara da la'asar, in tsaya bayan wata bishiya ina leƙe. Wallahi da na gan shi a sama, shi da keken kamar abu ɗaya, sai da na riƙe bishiyar. Tsoro ne da wani abu kuma, don yaron nan ya iya. Sauran yaran tafi suke masa suna kiran sunansa, sunan da ni ban taɓa ɗaga murya na kira ba. A ranar ce kuma na ga ya jingine keken, ya shimfiɗa kwali, ya ta da salla a cikin dajin nan, abokansa Turawa suna zaune suna jiran sa. A gwiwarsa akwai wani tsohon abin kariya da wani ya ba shi, duk ya yayyage, da salatif yake ɗaure shi.

Na kwana uku ina juya abin a raina, sannan na kira Hajiya Mariama. Kun tuna ta, 'yar Maraɗin nan mai tuƙa motar kai tsofaffi asibiti, wadda ba ta magana a hankali. Ta kai ni wani shagon kekuna a hanyar Alexandria. Mai shagon wata Baturiya ce mai furfura, gwiwar hannunta duk tabo, daga gani ita ma ta sha faɗuwa. Hajiya Mariama ce ke fassara mini, da Turancinta mai haɗe da Faransanci. Matar ta ajiye mana iri biyu a kan tebur. Ɗaya mai tauri ne, da roba a gaba kamar bayan kunkuru, da igiyoyi na ɗaurewa. Ɗayan kuma mai laushi, kamar safa mai kauri da ake zura ƙafa a ciki har ta rufe gwiwa, ni safar gwiwa nake ce mata. A gabanta an ɗinke wani soso, in ka matsa shi da yatsa ya lotsa, in ka buga shi da ƙarfi sai ya ƙi. Matar ta ɗora hannunta a ƙarƙashi ta buga da ƙarfen gyaran keke don mu gani. Ta ce mai taurin na masu gangaro daga kan dutse ne a guje, amma yana da zafi, yana hana ƙafa lanƙwasa. Mai laushin kuwa shi ne na wanda zai yini yana taka feda yana tsalle. Na ɗauki mai laushin na ninke shi biyu a hannuna, yadda gwiwa take yi in mutum ya kai goshi ƙasa. Ya ninku lafiya lau. Na ce wannan nake so, zai iya salla da shi ba sai ya cire ba.

"Bon, kin ji ta," in ji Hajiya Mariama. "Mu munka zo sayen kayan keke, ita tabarmar salla take nema."

Matar ta ce zaɓin ya yi, ko ita da shi take hawa. Har nan ban yi kuskure ba, kuma ina son ku san haka. Sai ta ciro tef ɗin awo ta naɗa a cinyarta, kamar faɗin tafin hannu sama da ƙoƙon gwiwa, ta kuma naɗa a sha-raɓa. Ta ce wannan awon shi ne komai. Safar nan ba ta da igiya, matsewa ce take riƙe ta. Dole ta kama ƙafa tsam kamar ta yi kaɗan, in ba haka ba ranar da aka faɗi za ta zame ta bar gwiwar a fili. Ta ce ina yaron?

Ni tela ce. Tef a wuyana yake kwana. Babu matar Bahaushe daga Greenbelt zuwa Manassas da ban auna ƙugunta ba lokacin ɗinkin salla. Amma in durƙusa a gaban ɗana na fari in naɗa masa tef a cinya, in ce saboda na damu da kai ne, wannan ya fi ƙarfina. Abin da na yi shi ne na auna wandonsa a ɗakin wanki na rubuta a takarda, wando kuwa irin na yaran lokacin, buhu guda. Na miƙa takardar. Matar ta duba ta girgiza kai.

"Ta ce wando ba ƙafa ba ne," in ji Hajiya Mariama. "Kuma gaskiya tag gaya miki. Hajiya Binta, tafi ki auna ƙafar ɗanki, ba surukinki ba ne!"

"Ba zan iya ba, Hajiya."

"Mi ag gare ki? Ke kika haife shi ko a kanti kika saye shi?"

Na ce ta bari kawai. Awon takardata ya faɗa tsakanin matsakaiciya da babba. Matar ta tura mini matsakaiciyar, ni kuma na ja babbar. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an saya wa yaro abu daidai jikinsa ba. Riga a saya da girma, takalmi a cusa masa tsumma a gaba, yaro ai tsiro ne, gobe zai cika shi. Kuma yayanku a shekarar yana ta miƙewa kamar dawa a damina. Matar ta ce to, in ya gwada ta yi yawa a dawo da ita a canza. Wannan maganar ba sai an fassara mini ba, na ji ta da kunnena, na kuma gane.

Da na dawo na miƙa wa babanku ledar a ɗaki, na ce ya ba shi, ya ce shi ya saya.

"Binta, ki ba shi da hannunki mana. Nan Amurka ce, babu mai yi miki dariya."

"Malam, ka rufa mini asiri."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa. Bayan la'asar ya kira shi falo. Ina kicin ina kaɗa miyar kuka, na bar ƙofa a ɗan buɗe. Na ji ƙarar leda, na ji yaron ya yi wata 'yar ƙara ta murna, don bai taɓa zaton mahaifinsa zai sa hannu a harkar keken nan da kansa ba. Ta tsagar ƙofa na ga ya zauna ya zura ƙafa, ya miƙe, ya yi tsalle sau biyu. Safar ta ɗan sauko. Ya ja ta sama, ya sake tsalle, ta sake saukowa. Ya yi magana da Turanci, yadda kuke yi.

"Baba, na gode sosai. Amma ta yi mini yawa. A wane shago ka saya? Sai mu canza."

Babanku bai san shagon ba. Na ga ya ɗaga ido ya dubi ƙofar kicin, ya san ina tsaye. In ya ce bai sani ba, ya tona ni. In ya yarda ta yi yawa, ya kushe zaɓin matarsa a gaban ɗanta. Sai ya ɗaure fuska, abin da ba halinsa ba.

"Sadik, mahaifinka ya saya maka abu, sai ka tsaya kana auna shi? Za ka girma ka cika ta. Kawo tsummokaran nan da kake ɗaurawa, yau za su bar gidan nan. Ko ka sa wannan, ko in kulle keken."

"To, Baba."

Taku huɗu ne tsakanina da su. In fito in ce ni na saya, ga sunan shagon, gobe a canza. Ko ma in bari ya yi barcin rana in ɗauke ta in rage bakin a keken ɗinkina, aikin da bai kai dahuwar shinkafa ba. Wannan ma na yi tunaninsa, sai na ce in ya ga ɗinkin zai gane hannuna. Na ci gaba da kaɗa miya.

Sati uku bayan nan, ranar Asabar da hantsi, wayar babanku ta yi ƙara. A can duwatsu ne, wurin wata gasa da ya daɗe yana shiri dominta. Ya tashi sama, tayar gaba ta sauka a karkace, ya zo ƙasa da gwiwar dama a kan dutse. Da muka isa asibiti an yanke wandon, safar kuwa tana can a ƙwaurinsa, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ta zame tun kafin ya kai ƙasa. Ƙoƙon gwiwar ya fashe gida-gida. Sau biyu aka yi masa aiki. Ranar da ya farfaɗo daga na farkon ina tsaye a ƙarshen gado da fulas ɗin kunu a hannu, babanku yana zaune kusa da kansa. Ya buɗe ido ya dubi mahaifinsa.

"Na gaya maka ta yi yawa."

"Ka gaya mini," in ji babanku. "Laifina ne."

A wurin ajiye motoci na ce masa zan koma in faɗi gaskiya. Ya riƙe ƙofar motar bai buɗe ba.

"Binta, yaron nan ya riga ya ɗauka ba kya son sa. In ya ji ke ce, shi ke nan ya rasa uwa. Ni ya san ina son sa. Fushinsa da ni na ɗan lokaci ne, zai huce."

Na yarda. Ba don maganarsa ta fi gaskiya ba, sai don ta fi mini sauƙi. Wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Bai huce ba. Gwiwar ta warke amma ta ƙi lanƙwasa yadda take. Yaro ɗan shekara sha bakwai ya koma salla a kan kujera, a sahun tsofaffi, a gefen masallaci. Keken ya ba wani yaro a unguwa, ko juyowa bai yi ba da aka tura shi. Bai taɓa yi wa mahaifinsa rashin kunya ba, kun shaida. Zai rusuna ya ce ina kwana Baba, a ce lafiya lau, shi ke nan. Babanku ya kawo zancen ƙwallo, ya kawo zancen makaranta, a ba shi amsa kalma ɗaya. Da lokacin jami'a ya zo ya zaɓi wadda sai an yi awa biyar a jirgi, ya gama ya kama aiki a can. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda zan faɗa yanzu. A watannin jinyar nan ni nake kai masa abinci ɗaki, ni nake gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi, don ciwo ya ba ni hujjar da kara ba ta hana ba. Sai ya fara yi mini hira. Da ya tafi, ni yake kira ranar Lahadi, mu daɗe, yana Turanci ina Hausa. In na ce ga babanka, sai ya ce yana sauri, a gaishe shi. Babanku yana zaune a kujerarsa da jarida, yana jin komai, in na ajiye wayar ya ce, "Yana lafiya dai ko?" Na sami ɗana, da abin da na ƙwace wa ubansa na same shi. Kuma na ji daɗin hirar nan, ba zan ɓoye muku ba. Duk Lahadi sai in ce mako mai zuwa zan faɗa.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da babanku, ya zo sau ɗaya, ya kwana biyu. Ya biya duk abin da ake bukata, ya yi magana da likitoci, ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa. Da ya tafi babanku ya juya fuska bango ya ce, "Dubiyar maƙwabci ya yi mini." Na ce Malam, ka sake ni in gaya masa. Ya ce in bari ya ɗan ji sauƙi mu gaya masa tare, don kada abin ya faɗo a kaina ni kaɗai. Kwana goma sha biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Washegarin ranar da na ji maganarku, na ce yayanku ya kai ni shagon nama. Ba nama nake so ba. Muna kan hanya, rana tsaka, ina kallon gilashin gaba don ba zan iya kallon sa ba, na faɗa masa komai. Bishiyar da nake laɓewa, Hajiya Mariama, matar nan mai furfura da tef ɗinta, wandon da na auna, ƙofar kicin. Bai katse ni ba. Ya sauka gefen titi ya kashe mota, hannunsa biyu a kan sitiyari. Motoci suna ta wuce mu. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi magana, Hausar da rabon da in ji ta a bakinsa tun yana ƙarami.

"Ke kika je shagon? Da ƙafarki?"

"Ni na je."

"Kina zuwa kallona a daji?"

"Ina zuwa."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin. Can ya ɗago.

"Umma, kina gani ina yi wa Baba haka, shekara goma sha ɗaya, kika bar ni?"

"Na bar ka."

Ya ta da mota ya juya, ba hanyar shagon nama ba, ba ta gida ba. Kusan awa guda muna tafiya kudu, sai da na ga shingen na gane maƙabarta muka nufa. Ya ce in zauna a mota. Ina kallon sa ta gilashi yana ɗingishi tsakanin kaburbura har ya isa wanda ƙasarsa ba ta bushe ba. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya dafa ƙasa da hannu ya zauna, ƙafar damar a miƙe. Ban ji abin da ya ce ba. Bakinsa dai yana motsi, ya yi shiru kamar mai jira, ya sake magana. Inuwar shingen tana kan hanya lokacin da ya shiga, da ya taso ta kai tayar motar.

Bai gaya muku wannan ba, kuma na san ba zai gaya muku ba, don ya fi son ku zarge shi da ku zargi uwarku. Ya buɗe ƙofa ya shigo, wandonsa duk jar ƙasa, ya zauna bai kunna motar ba.

"Na ba shi haƙuri," ya ce. "Na yi ta ba shi haƙuri. Umma, ba ya amsawa."

Na buɗe baki in ce Allah ya ji, ya kuma isar masa. Maganar ta ƙi fita. Ya murɗa makulli, muka kama hanyar Manassas.